Bencin Baya

A majami'u da dama da ake sujada da Hausa a garin Gombe, akwai wani benci da ba a rubuta wa suna ba, amma ko yaron da bai fara makaranta ba ya san na su wane ne. Shi ne na can baya, dab da ƙofa. Idan dattawan ikilisiya suka sa mutum a ƙarƙashin horo, saboda zina ko sata ko maye, nan zai riƙa zama. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, ba zai tsaya cikin mawaƙa ba, har sai wa'adin da aka ɗiba masa ya cika, sannan a kira shi gaban jama'a a maido da shi.

Mai karatu wanda ba Kirista ba kada ya ɗauka baƙon abu zan kawo masa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmomin da muke roƙo da su su ne waɗanda maƙwabtanmu Musulmi suke roƙo da su, wato tuba da gafara da jinƙai. Kakanninmu na ƙasar Tangale, waɗanda 'yan mishan na SIM suka iso wa a Kaltungo a 1917, da waɗannan kalmomi suka koyi waƙoƙin sujada, mu kuma da su muka tashi a Barunde.

Alal haƙiƙa, horo yana da tushe. Amma Manzo Bulus da ya umarci Korintiyawa su hori mai laifi, shi ne kuma a wasiƙarsa ta biyu ya ce musu horon ya isa haka, su yafe masa, su ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Bitrus ya yi musun sanin Yesu har sau uku a dare guda. Bayan tashi daga matattu, a bakin Tekun Galili, sau uku aka tambaye shi ko yana ƙaunar Ubangijinsa, sau uku kuma aka damƙa masa kiwon garke. Abin lura a nan shi ne ba a tsaya ga yafe masa ba, har amana aka sake ba shi. A ganina wannan mataki na biyu ne yake gagarar mu.

Akwai wata yarinya a unguwarmu, muryarta ce ke jan mawaƙa, sai ta yi ciki ba aure. Saurayin, wanda shi ma ɗan ikilisiya ne, ya tattara nasa ya nasa ya tafi Jos neman aiki, bai ɗanɗana bencin baya ko na rana ɗaya ba. Ita kuwa da laifinta ke gabanta kowa na gani, ta zauna wata shida cur. Ranar da aka maido da ita, fasto ya yi wa'azi daga Luka sura 15, labarin ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya je ya ɓarnatar, ya dawo a tsiyace, uban ya hango shi tun daga nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa masa riga da zobe, aka yanka kiwataccen maraƙi. Muka ce amin da babbar murya. Amma labarin yana da yaya, wanda ya tsaya a waje yana cika yana batsewa, ya ƙi shiga wurin biki. Da aka tashi, sai na lura yayyen sun fi yawa a cikinmu. Iyaye mata suka ja wa 'ya'yansu kunne a kanta, mawaƙa kuma suka ce wurinta an riga an cike shi. Hausawa dai sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ran Lahadin da ta biyo, yarinyar ta zo da goyonta ta koma bencin baya da ƙafarta, ba wanda ya tura ta. Ana cikin waƙar farko sai wata tsohuwa ta Zumuntar Mata, wadda ciwon gwiwa ya sa ko baiko sai dai a miƙo mata kwano, ta tashi daga sahun gaba tana dogara sanda har ƙofa. Ta ce, "'Yata, me kike yi a nan? An sallame ki." Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, kunya nake ji." Tsohuwar ta ce, "To matsa mini." Ta zauna kusa da ita, ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya.

Mako biyar tana yin haka, kuma ban taɓa jin ta yi wa kowa faɗa a kan maganar ba. A mako na shida suka taso gaba tare. Komawa cikin mawaƙa kuwa sai da ya ɗauki kusan shekara biyu, shi ma sai da aka canza shugaban mawaƙan. Saurayin ya zo gida Kirsimetin wannan shekara da sabuwar mota, aka ba shi kujera a sahun gaba.