Baƙin Tsuntsaye a Bakin Tekun Gana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin waɗansu matafiya da nake gani nan ƙasar Gana, inda nake aikin akawu.

Tsakanin Ankara, babban birnin ƙasar, da Tema akwai wani tafki ana ce da shi Sakumo, siririn tudun rairayi kaɗai ya raba shi da teku. Cikin watan Maris da Afrilu, in mutum ya je can da sassafe, sai ya tarar da tsuntsaye birjik suna kiwo ba ji ba gani, suna tara kitse don guzuri. Su baƙi ne, sanyin ƙasashen arewa ya koro su. Da sanyin ya sauka sai su tashi garke garke, su bi gaɓar teku su koma gida su yi ƙwai.

A cikin baƙin nan na bakin teku akwai wani fari mai baƙar hula, wutsiyarsa a rabe kamar almakashi, ƙirjinsa jaja-jaja. Daga sama yake faɗowa ruwa ya suri ɗan kifi. Galibin irinsa na Turai a wani ɗan tsibiri suke sheƙa, Rokabil, kusa da birnin Dabilin na ƙasar Ailan. Daga nan zuwa can ya fi mil 3,000. An san haka ta wurin zoben ƙarfe mai lamba da masana ke sa wa 'ya'yan a ƙafa, dabarar da wani malamin makaranta ya fara a Danmak cikin 1899.

Abin baƙin ciki, yaran bakin teku sun daɗe suna ɗana musu tarko da ɗan kifi, har wannan ya taimaka wajen rage yawansu. Cikin 1992 aka sa Sakumo cikin wuraren da ake tsaro saboda tsuntsaye, amma doka ba ta isa sai da tarbiyya.

Jama'a, mu tuna da shamuwa. Ita ma daga kudu take zuwa mana gabannin damina, ta yi sheƙa tsakiyar gari, ba mai jifanta. To, waɗannan ma shamuwar waɗansu mutane ne, suna can suna duban hanyarsu. Ina roƙon malaman makaranta da na allo, musamman na zangunanmu na kudu, su hori yara su bar baƙo ya koma gida lafiya, gama baƙo raɓa ne.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Ankara.