Kujerar Jirgi da Haƙƙin Furfura

Mutanen Achilafiya ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ɗakunansu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da aka kammala a 1930 kuwa ta Ringim da Malam Madori ya bi, ya bar ƙasar Kazaure ga jakuna, daga baya ga motoci. Saboda haka ladabin zama da mutumin wannan yanki ya tashi da shi na motar kasuwa ne: gidan gaba na dattijo ne ko malami, mai goyo a ba ta gefe, yaro kuwa ya ɗosana a kan buhu. Wuri ba ya isa, amma kowa ya san wanda zai haƙura.

Da wannan tarbiyya wani dattijon garin ya isa Kaduna, inda ɗan ƙanensa zai raka shi ganin likita a Abuja. Jirgin da ke tsakanin biranen biyu ya fara aiki a 2016, ya kuma cika da ma'aikatan da iyalansu ke Kaduna, da matafiyan da tsoron masu garkuwa da mutane ya raba da titi. Tun 2021 ake sayen tikitinsa ta intanet, kowace kujera da lambarta. Sai da yaron ya yi kwana uku yana fama da waya kafin ya samu biyu, su ma a taragu dabam-dabam.

Da suka shiga a tashar Rigasa, dattijo ya ga wuri kusa da ɗan nasa, ya yi bisimilla ya zauna. Can sai ga wani saurayi ya nuna fuskar wayarsa, ya ce, "Baba, yi haƙuri, nan wurina ne." Dattijo ya ɗauki sandarsa ya tashi, bai ce uffan ba. Sai da suka sauka a Idu ya tambaya, "Ɗan nan, shi wancan yaron ba shi da iyaye ne?" Yaron ya ce, "Yana da su, Baffa. Lambar ce ba ta san furfura ba."

A shari'ar jirgi saurayin bai yi laifi ba, kuɗinsa ya biya. Lamba ma tana da nata adalcin, domin ta rage turereniyar da mai ƙarfi kan danne mai rauni a ƙofar tarago. Sai dai ta zo da sharuɗɗan da ba kowa ke iya cikawa ba: babbar waya, katin banki da ɗan karatun boko. Bahaushe kan ce kana sammako wani a tafe ya kwana. Yau wanda ya riga kowa yana kwance a gadonsa, yatsa kawai ya motsa.

Wannan magana ta kusa zuwa gida. Layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa Kazaure da Daura. Ranar da ya fara gudu, manoman Roni da Gwiwa da matan da ke kai yara asibiti Kano su ne za su cika dandamali. In ba a bar tagar sayar da tikiti hannu da hannu ba, aka kuma keɓe wa tsofaffi da masu goyo kujeru, to a tsaye za su yi tafiyar, ko su koma motar da ta san girmansu.