Gonar da ke ƙarƙashin ruwa: Nasiha ga sabon masunci a ƙasar Dambatta

Matafiyin da ya bi titin Kano zuwa Kazaure da wuya ya ga daji. Gona ce manne da gona, gero da dawa da wake, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakani, har ya isa Dambatta. Wannan ita ce ƙasar da masanin nan Michael Mortimore ya yi suna wajen nazarin cunkoson manomanta. A nan rabon gado ya daddatsa gonaki, har saurayi kan tashi ya tarar rabonsa bai fi 'yan kunyoyi ba. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na tarar da 'ya'yan manoma a bakin Dam ɗin Tomas suna haɗa kuɗi don sayen kwale-kwale.

Sai dai su, wato kamun kifi, ba gadonmu ba ne. Kabawan Argungu da Sarkawa a cikin ruwa suka buɗe ido. Mu kuwa ruwan ne ya zo ya same mu, albarkacin shirin madatsun ruwa da aka ɗauko zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975. Tomas da Watari da Gari da Jakara duk 'ya'yan wannan tunani ne.

Abin da nake so sabon shiga ya fara riƙewa shi ne, dam gona ce da fadama da ruwa ya haɗiye. Tsohon kwarin rafin yana nan a ƙasa, kuma nan ne zurfi. Kututtukan itatuwa ma suna nan. Su ke yaga kalli, su ke huda cikin jirgi, kuma a gindinsu kifi ke fakewa. Dattijon da ya noma wurin kafin a tare ruwa ya fi kowa sanin taswirarsa. A nemi irin waɗannan dattawa tun suna raye, a kuma gaida Sarkin Ruwa kafin a jiƙa filafili. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da noman rani ya janye ruwa, a zaga gaɓa da ƙafa a haddace abin da ya bayyana, domin damina za ta sake rufe shi.

Masuncin Badagry ko Epe yana lissafi da cika da janyewar teku. Namu ba shi da wannan, da iska yake lissafi. Da asuba ruwa kwance yake kamar tabarma, rana na ɗagawa sai ya fara tashi, musamman da hunturu. Da damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan saman hatsari. In gabas ta yi duhu, a bar kalli a ruwa a nufi tudu. Gobe ma yana nan.

Kifin kansa ba shi da wuyar sha'ani. Karfasa tana son gefe, wurin ciyawa da ruwa mara zurfi. Tarwaɗa ta fi cin ƙugiya da dare ko da sassafe, da tana ko hanjin kaza, tana kuma bin sabon ruwan farkon damina cikin ciyayi. Kurungu a kama shi da hankali, ƙayarsa ba ta da wasa. Ni a ganina mai koyo ya fara da ƙugiya da gura kusa da gaɓa. Jifan birgi a tsaye cikin kwale-kwale aikin wanda ƙafarsa ta saba ne.

Kada wanda bai iya iyo ba ya shiga, kada a fita mutum ɗaya, kuma a sa rigar ruwa ko da abokai za su yi dariya. A ajiye ƙwarya ko roba ta kwalfe ruwa, da filafili na biyu. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a Dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. Akwai kuma mugun da ba ya kifar da jirgi: tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ciyayin gefe. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, maganinta sananne ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai a bakin ruwan shi ne ganin gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, an mai da shi taru yana kwaso 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta zuba guba da tayar da nakiya, amma jami'an da za su tsare ta ba su da yawa. Manomin Dambatta ba ya cinye irinsa ko da yunwa ta matsa, a rumbu yake ware shi. Samarin da na zanta da su sun yarda da misalin, sannan ɗayansu ya tambaye ni wanda zai biya shi kuɗin kalli mai faɗin ido, tunda gidan sauro kyauta ya same shi.