Wasiƙa Daga Aziziyya: Alhaji Zai Sayi Jirgi Na Hannu

Daren jiya bayan isha'i maigidana na Kano, da ya zo Umara, ya kira ni masaukinsa nan Aziziyya. Ya miƙo min takardu in duba masa: wani dillali a Dubai zai sayar masa da Gulfstream G550 na hannu. Jirgi ne mai cin kilomita 12,500 bai sauka shan mai ba, kuma tun 2021 aka daina ƙera shi.

Ni ba matuƙi ba ne, amma na san darajar tsohon jirgi tana cikin littafin gyaransa: awa nawa injin ya yi, sau nawa ya sauka, yaushe aka kwance shi. To, shekara biyu cur babu ko layi ɗaya a ciki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada ka ba da ko sisi sai injiniyanka ya duba shi ciki da bai." Na ƙara da cewa Kano zuwa Jidda ko sulusin wancan zangon bai kai ba. Ya ɓata rai. Gabana ya faɗi, don shi ya biya min kuɗin karatu.

Gobe zai koma gida, har yanzu bai neme ni ba.