Wace "Sorry" 'Ya'yanmu Suke Faɗi?

'Yar'uwa, kwanakin baya 'yata mai shekara 9 ta fasa kofin shayin kakarta, ta ce "sorry" ta wuce abinta. Hajiya ta dube ni ta ce, "Haƙuri ta ba ni, ko tari ta yi?" Kunya ta rufe ni.

Tun a kwaleji aka koya mana cewa kalmar nan fuskokinta da yawa. Bature yakan faɗe ta in ya yi laifi, yakan faɗe ta wajen ta'aziyya. In bai ji maganarki ba ya ce "sorry?", wato "me kika ce?" In zai hana ki abu cikin ladabi, nan ma ita ce. A Nijeriya kuma mun ɗora mata aikin "sannu" ga wanda ya yi tuntuɓe. Asalinta a tsohon Ingilishi, mutumin da abu ya yi wa ciwo a rai.

Ciwon nan ne babu a bakin 'yata, alhali kullum a Islamiyya ina karantar da cewa babu tuba sai da nadama. Da daddare na zaunar da ita muka yi magana. Ta je ta durƙusa ta ce, "Hajiya, na yi kuskure, ki yafe mini."

Ke fa, wacce naki suke faɗi?