Kogin Shari daga cikin kwalekwale

Shekara shida ina ƙetare gadar Ngeli tsakanin Injamena da Kusuri, kaya a gaba, takardun kwastan a hannu, ban taɓa tsayawa na dubi ruwan da ke ƙarƙashina ba. Da yawa daga cikinmu haka muke. Mun san farashin sukari a kowane ɓangare na iyaka, amma ka tambaye mu wane wata kogin yake cika, sai mu yi shiru.

Abin da ya canza ni shi ne ambaliyar watan Oktoba na 2022. Ruwa ya shiga unguwannin Waliya da Tukra, waɗanda ke zaune tsakanin kogin Shari da na Logon, tituna suka zama rafi. Wani abokina mai shagon atamfa, a kwalekwale aka fito da iyalinsa. Ya ce duk tsawon tafiyar idonsa a rufe yake, don daga shi har 'ya'yansa huɗu babu wanda ya iya iyo. Bayan ruwa ya janye muka haɗu mu biyar, duk 'yan kasuwa, muka nemi wani dattijo masunci ɗan ƙabilar Kotoko ya koya mana tuƙi. Ba mu da suna ba mu da ofis. Ranar Lahadi bayan sallar asuba muke haɗuwa a bakin ruwa, mu biya shi kuɗin haya, mu shiga.

Da hunturu muka fara, kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da ɗan koyo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yana raguwa a hankali, ƙarfinsa ya yi sauƙi. Hazo kan rufe ɗaya gaɓar, sai dai ka ji muryar masunta ba ka gan su ba. Ranar farko na riƙe filafili kamar muciya, kwalekwalen ya yi ta juyawa wuri ɗaya. Dattijon ya yi dariya ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci: "Ɗana, bahar ba a yi masa ƙarfi. Ka zauna ƙasa sosai, ka bar shi ya nuna maka hanya." Bahar shi ne sunan da mutanen nan suke kiran kogi da shi. Na ce: "To Baba, idan ya kife fa?" Ya ce: "Ka riƙe jirgin. Itace ba ya nutsewa, mutum ne yake nutsewa."

Da bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40, kogin kuma ya rame har tsibiran yashi su fito a tsakiyarsa. A nan ake ajiye filafili a ɗauki gora ana dogarawa da ƙasa. Za ka ga masu haƙar yashi suna loda wa jirage, mata suna shanya wanki a kan rairayi, wasu kuma sun yi lambun kayan miya a inda ruwa ya bari. Amma kada ƙarancin ruwan ya ruɗe ka. Akwai dorina a Shari, a cikin gari ma ana ganinsu, kuma idan ruwa ya ja baya sukan taru a gurbi mai zurfi. Baba ya san kowane gurbi. Da ya hango kunnuwa biyu a saman ruwa sai ya karkata da mu nesa, ba gardama.

Wata safiya ya kai mu har muka hango inda Logon yake zubawa cikin Shari. Daga nan zuwa ƙasa kogin ne iyakar Chadi da Kamaru. A tsallake, wajen Kusuri, aka gwabza yaƙin 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe ya rasa ransa, shi ma kwamandan Faransawa Lamy ya mutu. Sunansa aka sa wa garin, Fort-Lamy, har 1973 da aka mayar da shi Injamena. Ta nan kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yin fito kafin su nufi Sudan, wasu kuma suka zauna ba su ƙarasa ba. Gadar Ngeli sai a 1985 aka gama ta. Kafin nan duk kayan da ya shigo daga Kamaru ta ruwa yake ƙetarowa.

Tunda iyaka ce, akwai ladabinta. Ba a kusantar gaɓar fadar shugaban ƙasa, ba a ɗaga waya a yi hoto a wajen, kuma tun bayan hare-haren 2015 an ƙara tsaurara tsaro a bakin kogin. Ka riƙe katin shaidarka a leda, ka bar matuƙi ɗan gari ya faɗa maka inda aka yarda a bi.

Darasin da ya fi kowanne amfani shi ne na damina da kaka. A Injamena ruwan sama kan ɗauke wajen ƙarshen Satumba, sai baƙo ya ɗauka an tsira. Ina! Ruwan Shari daga kudu yake tahowa, daga Afirka ta Tsakiya, na Logon kuma daga tuddan Adamawa, yana ɗaukar makonni a hanya. Shi ya sa kogin bai kai ƙarshen cikarsa sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, sama tangaran babu ko gajimare. Haka aka sake gani a 2024. Wannan ruwan ne yake wucewa ya zama mafi yawan abin da Tafkin Chadi yake sha. A waɗannan watanni ruwan ja ne, yana jan itatuwa da ciyayi, kuma Baba ba ya ɗaukar ɗan koyo ko nawa za ka ba shi. Mukan zauna a gaɓa kawai, ya kafa kara a bakin ruwa, mako ya zagayo mu ga inda ya kai.

Yanzu idan ɗan'uwa ya zo neman gidan haya ko wurin ajiye kaya a kudancin gari, tambayata ta farko ita ce: ina ruwa ya tsaya a bango a 2022? Maƙwabta za su nuna maka. Kuma mun haɗa kuɗi mun sayi rigunan ruwa guda takwas, huɗu na yara. Babban ɗan abokina mai atamfa, wanda aka fito da shi yana kuka, hunturun da ya wuce shi ya tuƙo mu daga tsibiri zuwa gaɓa. Da muka sauka uban ya sayi giwan ruwa ɗanye a hannun masunta, ya ce yau yaron ne zai fara cin tsoka.