Tashenmu a Tudun Wada

Azumin 1988 cikin bazara ya faɗo, kuma shi ne na farko da Inna ta yarda na bi yayyena tashe a garinmu Tudun Wadan Dankadai. Tun ana goman marmari muke tanadi: audugar gemu, tsummokara, tsohon buhu, gwangwanayen kiɗa. Ranar goma ga wata, ana idar da asham, sai gari ya ɗauka.

Ni aka sa tsoho da gemu, saboda ni ne ƙarami, kuma ƙaramin tsoho ya fi ba da dariya. Aka liƙa mini auduga a haɓa, aka cusa tsumma a bayan riga ya zama doro, aka ba ni sanda. Wasu suna Jatau mai magani da kayan saiwoyi, wasu sun ɗaure macukule da igiya, an shafe masa jiki da toka. 'Yan mata kuwa nasu daban, su Mairama da Daudu, kuma su ke shiga har tsakar gida. Samarin da suka tasa iyakarsu zaure. Abin da ake ba mu hatsi ne, masara ko dawa, wani gidan sule guda, wani gidan ragowar ƙosai. Bayan Sallah a sayar da hatsin a raba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yawan idon da ke kanmu. Kafin mu fita sai Inna ta tsayar da babban wanmu a bakin ƙofa.

"Kai ne babba. Yadda ka fita da su haka za ka dawo mini da su. Ban da tsallaka titi, ban da unguwar da ba a san ku ba."

"To, Inna."

Titin da take faɗa shi ne wanda ya taso daga Kwanar Dangora ya ratsa garinmu, ya shiga dajin Falgore ya nufi Saminaka da Jos. Manyan motoci ba sa kwana a kansa, kuma direban da ya ɗauko gudu da daddare ba zai hango yaron da ya shafe fuska da gawayi ba. Saboda haka duk daɗin gidajen da ke ƙetare, ba mu taɓa zuwa ba. Yaya yana gaba da buhu, wani saurayi yana baya, mu ƙanana a tsakiya, kuma duk gidan da muka bari sai an ƙirga mu.

Farin wata ma gata ne. Daga goma zuwa sha biyar gari tas yake, kana ganin kunama a gindin katanga. Da wata ya fara makara wajen fitowa sai duhu ya riga mu, a nan ne aka fara ɗaukar aci-balbal. A irin wannan dare ne na sunkuya ina rawar tsufa a wani zaure, gemuna ya lashi wutar. Auduga ba ta jira. Kafin in yi ihu Yaya ya fizge ta ya murje da ƙafa, mai gidan ya fito da man shanu ya shafa mini, yana kiran sunan mahaifina ba tare da kowa ya gaya masa ɗan wa ne ni ba. Shi ya rako mu har gida. Washegari aka hana mu fita da wuta, Baffa ya ba da aron tocilansa.

Na ji yaran Amurka ma suna da daren 31 ga Oktoba da suke yin shigar dodanni su bi gidaje ana ba su alewa, iyaye na biye da ƙanana. Mu tamu rakiyar unguwa ce ta ɗauke ta gaba ɗaya.

A shekarun nan, ciki har da 2024, rundunar 'yan sandan Kano ta dakatar da tashe, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya suna fakewa da shi. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya ɗauko wuƙa ba tashe ya fito ba. Amma yana yi mini ciwo a ce yaron Yaryasa ko Tiga ko Riruwai, wanda kowa ya san kakarsa, ya tashi bai taɓa ɗaura gemun auduga ba saboda ta'asar wasu ƙarti.

Haɗarin ma ya sauya kama a wajenmu. Yanzu babura ne ke keta lunguna ba fitila, garuruwan sun cika da baƙin fuska, kuma wanda ke zaune kusa da Falgore ya san dalilin da ya sa ba a sakin yaro da daddare. A shekarar da aka bar yara suka yi, na ga yadda matar ƙanena ta tsara nata: layinsu kaɗai, matan daban da babbar yaya, mazan da wani ɗalibin makarantar allo da ta amince da shi, tocila a hannun kowa, ba a cin abin da baƙo ya miƙo sai an kawo gida, kuma ƙarfe tara a dawo. Masarar da suka tara a daren farko ta kusa cika tiya, suka kwana suna gardamar rabo.